Ƙoƙon Liman a Kakar Sabon Gero

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, ina salati ga Manzonsa, ina kuma roƙon Ya tsare ni daga ƙari da ragi a cikin abin da zan faɗa.

Limanci na gada daga mahaifina a wani ƙauye na yankin Kanan-Bakashe, cikin ƙasar Mayahi. Aikin liman a wurinmu ba shi da albashi, ba shi kuma da ranar hutu. Shi ne mai jan salla, shi ne mai raɗa suna da ɗaura aure, shi ne mai sallar gawa da rabon gado, kuma idan maƙwabta suka yi saɓani a kan iyakar gona, zaurensa suke nufa. Ladan aikin yana wurin Allah. Abincin liman kuwa yana hannun jama'a: dami a lokacin kaka, da ƙwarya a kowane taro. A haka na tashi, a haka na tsufa, ban taɓa jin cewa ina rasa wani abu ba.

Muna da wata al'ada da na tarar tun kakanni. Idan gero ya nuna aka yanke, babu gidan da ke shan furar sabon gero sai an kira liman. Matan gida su daka, su dama a babbar ƙwarya, sannan a ɗebi ta sama mai kauri a cika wani ƙoƙo daban, wanda ake kira ƙoƙon liman. Liman ya yi addu'ar godiya, ya roƙa wa rumbun gidan albarka, ya shanye ƙoƙon nan duka. Daga nan a ɗauraye ƙoƙon da ɗan ruwa a juye cikin babbar ƙwarya, sai iyali su sa ludayi. Na duba a littattafan da na karanta ban sami asalin wannan ba, ban kuma sami abin da ya hana shi ba, domin godiya ce da addu'a da ciyarwa. A tsakiyar kaka nakan shiga gidaje da yawa tsakanin hantsi da la'asar, kowane gida da ƙoƙonsa. Da aka sami sukari a kantuna, sai ya zama ma'aunin girmamawa: gwargwadon yadda mai gida ke ganin darajarka, gwargwadon yadda zai zuba maka.

Alwalata ce ta fara gaya mini akwai matsala. Ni da nake riƙe alwalar azahar har magariba, na wayi gari ba na iya riƙe ta daga wannan salla zuwa waccan. Ƙishirwa ta zauna mini a maƙogwaro kamar mai azumin bazara. Sannan ido ya biyo baya. Littattafanmu na fikihu suna da ƙananan rubuce-rubuce a gefen shafi, bayanan malamai ne da aka tsuke su don su shiga wuri kaɗan, kuma a cikinsu ake samun warwarar mas'aloli masu wuya. Waɗannan ne suka fara haɗe mini. Wata rana su fito tsaf, wata rana su zama kamar tururuwa a kan tabarma.

Babban ɗana yana aikin biro, wato ofis, a Maradi. Shi ya zo ya ɗauke ni zuwa Tasawa, ya kai ni wurin likita. Aka huda yatsana aka ɗiga jini a kan wani ɗan abu. Likitan ya dubi abin, ya dube ni, ya ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jikina. Mutum ne mai ladabi, ya zauna ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce a bar sukari gaba ɗaya, a rage fura da tuwo da shinkafa ƙwarai, a yawaita wake da ganye da ƙwai da kifi, a ci kaɗan kaɗan a kan lokaci, a riƙe magani.

Na ce wa likitan, "Ɗana, ka ce a rage hura. Idan mutum ya sha ƙoƙo guda a gida guda, ya wuce wani gidan ya sha wani, mene ne hukuncinsa a wurinku?"

Ya ɗan yi dariya ya ce, "Baba Liman, gida nawa?"

Na ce, "Gari guda."

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Baba, jijiyoyin bayan idonku sun riga sun fara taɓuwa. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma abin da ya rage ana iya tsare shi. In kuna son ku ci gaba da karatu, wannan shan ba zai yiwu ba."

A kan hanyar komawa ɗana ya shirya komai a ransa. Ya ce tunda abincin da aka ce in ci ba ya fitowa daga rumbu, sai an saya, to zai buɗe mini kont, wato asusun kuɗi, a waya. Duk wata zai turo daga asusunsa na banki yana zaune a biro, ni kuma in je wurin mai kantin da ke fidda kuɗi ranar kasuwar Kanan-Bakashe in karɓa. Ya saya mini salula, ya koya mini lambar sirri, ya sa na maimaita ta har ta zauna.

Ban amsa nan take ba. Na ce ya ba ni lokaci in duba hukunci, domin ban saba sa hannu a mu'amalar da ban san babinta ba. Na duba ajiya, na duba wakilci, na duba aika dukiya ta hannun wani, na tambayi wani malami a Tasawa da ya fi ni sanin yadda abin ke tafiya. Na gamsu cewa ɗa ne ke aiko wa ubansa ciyarwa ta hannun wakili, ana biyan wakilin ladan aikinsa, babu kuɗin ruwa a ciki. Halal ne. Sai dai littattafan sun ba ni hukuncin kuɗin, ba su gaya mini yadda mutanen gari za su kalli limaminsu yana tsaye a layin karɓarsa ba.

A ranar kasuwa ake fidda kuɗi, kuma ranar kasuwa kowa yana nan. Sau da yawa rezo, wato layin waya, yakan ɗauke, mai kanti ya ce a jira, sai in zauna a kan benci da rawanina, waya a hannu, tsakanin matan da mazansu ke ci-rani da samarin da ke jiran saƙo. Duk wanda ya wuce ya gaishe ni, ya kuma ga abin da nake jira. Daga nan in shiga kasuwa in sayi ƙwai da busasshen kifi da kabeji, abubuwan da mutanenmu ba sa saye sai don baƙo ko mai jego. Ba a daɗe ba magana ta zagaya: Liman ya bar cin gero, ƙwai yake ci, kuɗi kuma ta iska suke zo masa.

Ina da taubashi a garin, ɗan ƙanwar mahaifina, manomi ne, tare muka yi ƙuruciya. Shi kaɗai ke da ikon faɗa mini abin da ya ga dama, domin wasa ya halatta masa. Ya tarar da ni a zaure mai ɗakina ta kawo mini wake da zogale a ɗan kwano.

Ya leƙa kwanon ya ce, "Bawana, yaushe ka koma akuya? Wanga ai abin da nake yanko ma tunkiyata ne."

Na ce, "Likita ne ya ɗaure ni."

Ya ce, "Ciwon masu kuɗi ke nan. Da ba a san shi garin nan ba, sai da waya ta zo. Gero ya raini ubanka, ya raini kakanka, sai kai ne zai kashe? Ka ce dai bakinka ya yi laushi."

Na yi masa bayani iya iyawata, cewa gero ba guba ba ne, jikina ne ya daina iya sarrafa shi da yawa. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ɗauki ludayi ya ɗanɗana waken, ya yamutsa fuska ya ce ko gishirin ma waya ta riƙe.

Akwai wani mataki da ni na ɗauka da kaina, domin ban ga hanyar kauce masa ba. Damman da ake kawo mini a kaka, yawancinsu da niyyar zakka ake kawo su. Wanda ɗansa ya ɗauki nauyin ciyar da shi har ya wadatu, ya fita daga cikin mabuƙata, kuma ni ne nake karantar da mutane wannan. Saboda haka bayan wata sallar Juma'a na sanar cewa duk mai zakkar gero ya kai ta ga gwauraye da marayu da waɗanda gonarsu ba ta yi ba, kada a kawo mini. Na faɗa ne don tsoron Allah. Abin da kunnuwa da yawa suka ji shi ne Liman ya ƙoshi, ba ya buƙatar geronmu. Daga ranar nan abin da ya rage yana shiga cikina daga hannun jama'a shi ne ƙoƙon sabon gero kaɗai.

Kaka ta zo. Kafin a fara kira na tara dattawa na gaya musu larurata. Na ce addu'a ita ce asali, shan kuwa al'ada ce, kuma tsare lafiya wajibi ne a kan kowa. Na ce zan yi addu'a in kai ƙoƙo baki in ɗanɗana, sauran a juye wa iyali. Babu wanda ya musa mini. Mutanenmu ba sa musu da liman a gabansa.

A gidajen farko haka na yi. Na tsawaita addu'ar fiye da yadda na saba, don ta cike gurbin abin da zan rage. Na kai ƙoƙo baki, na jiƙa leɓe, na miƙa. Mai gida ya karɓa da hannu biyu, ya dubi cikin ƙoƙon, ya ce an gode. A wani gidan na ji wata tsohuwa daga bayan danga tana tambaya ko an ga ƙuda a ciki ne. A wani kuma, ina fita na waiwaya, na ga ba su juye ƙoƙon a babbar ƙwarya ba, sun ajiye shi gefe an rufe da faifai, kamar abin da aka mayar. Rakiyar da ake yi mini har ƙofar gida ta gajarta. Amma idona ya yi kyau a kwanakin nan. Da hantsi nakan buɗe littafi in karanta ƙananan rubutun gefe ba tare da na kusanto da shi ba, har na yi wa Allah godiya a kan haka.

Sai kiran taubashina ya zo.

Shekarar ba ta yi masa kyau ba. Tsutsa ta shiga zangarniyar geronsa, abin da ya ɗaure bai kai rabin na bara ba. Ɗansa da ke taimaka masa ya tafi Aljeriya neman aiki, an daɗe ba a ji daga gare shi ba. Na shiga gidan na tarar an share tsakar gida, an shimfiɗa mini buzu, jikokinsa sun jeru da ludayinsu. Ƙoƙon da aka ajiye mini ya cika har baki, nono ya yi masa fari, kuma tun kafin in ɗauka na ji ƙanshin sukari. Daga baya na ji kaza matarsa ta sayar ta sayo shi.

Na jira ya tsokane ni kamar kullum. Da ya ce mini akuya, da na sami ƙofar da zan bi in mayar da abin wasa. Bai ce ba. Ya zauna a gabana ya tanƙwashe ƙafa, ya kira ni da sunan da bai taɓa kirana da shi ba sai a masallaci.

Ya ce, "Liman, ga hurar."

Na yi addu'a. Na roƙa wa ɗan abin da ke rumbunsa albarka, na roƙi Allah Ya dawo masa da ɗansa lafiya. Aka shafa. Na ɗauki ƙoƙo na jiƙa leɓe, na miƙa masa. Bai miƙo hannu ba.

Na rage murya na ce, "Ka san larurata."

Shi ma ya rage tasa ya ce, "Na sani. Amma ka san abin da za a ce. Za a ce gonar da tsutsa ta ci, Liman ma ya ƙi shan geronta. Yaran ga su ji, su tashi da shi. Ni ba ni da waya, Liman. Wanga geron shi ne duk abin da nake da shi."

Na san amsar da ta dace. Na san albarka ba a cikin ƙoƙo take ba, na san wanda ya cutar da jikinsa da gangan za a tambaye shi. Da wani ne ya kawo mini wannan mas'ala a zaure, da na ba shi fatawa ba tare da na buɗe littafi ba. Amma hannuna yana miƙe da ƙoƙo a tsakanin ni da shi, yaran suna kallon hannun, matarsa tana tsaye a bakin ɗaki ta kama zanenta. Na dawo da ƙoƙon na shanye shi. Ya karɓa ya ɗauraye da kansa, ya juye a babbar ƙwarya, yaran suka sa ludayi.

Da zan fita ya raka ni har bakin hanya, a nan wasan ya dawo masa. Ya ce, "Ka gani, bawana, ba ka mutu ba."

Ban yi tunanin abin da zai biyo baya ba sai da na isa gida. Mai ɗakina ce ta faɗa mini, tana karɓar rawanina. Ta ce, "Malam, tunda kun sha a can, da wane baki za ku ƙi a gidan gobe?"

Gaskiya ta faɗa. Kafin magariba gari ya san Liman ya shanye ƙoƙon taubashinsa. Idan na ƙi na gaba, na zama mai fifita dangi a kan jama'a, kuma wanda zai raba gado ya yi sulhu a kan iyaka ba ya rayuwa da wannan suna. Na shiga gida na gaba na shanye. Na roƙi a daina sa sukari, wasu suka daina, wasu suka ga rowa ce a yi wa liman haka, suka zuba a ɓoye don kada in ji kunyar hana su. Sannan gidajen farko, waɗanda na jiƙa wa leɓe kawai, suka aiko ɗaya bayan ɗaya cewa sun sake dama fura, ko Liman zai daure ya leƙo. Ban sami hujjar da zan hana su abin da na ba wasu ba. Na koma musu duka.

Rakiya ta dawo har ƙofar gida. Gaisuwa ta yi ɗumi. Wani dattijo ya ce mini dama sun san wayar nan ba za ta raba su da limaminsu ba. Ni kuwa alwala ta koma ba ta tsayawa, ƙafafuna suka yi nauyi, kuma kafin a gama ɗaure dammai rubutun gefen shafi ya sake haɗewa. Na jira ya ware kamar yadda yakan yi. A idon dama ya ɗan ware. A na hagu bai ware ba har yau.

Ɗana ya gane tun kafin in gaya masa. A wayarsa yana ganin duk abin da ya shiga kont ɗin da duk abin da ya fita, ya ga kuɗin kaka suna nan ba a taɓa ba, domin wanda ya cika ciki da fura ba ya zuwa kasuwa sayen ƙwai. Ya kira ni.

Ya ce, "Baba, ba ku fidda saƙon ba. Me kuke ci?"

Na ce, "Abin da Allah Ya hore."

Ya ce, "Kun koma shiga gidajen."

Bai ɗaga mini murya ba, bai taɓa yi ba. Ya zo ya sake kai ni Tasawa. Likitan ya haska idona ya daɗe yana dubawa. Ya ce ba zai iya rantsewa cewa kaka guda ce ta yi wannan ba, ciwon ya daɗe yana aikinsa, amma ta taimaka masa. Ya ce na dama ne ya rage mini na karatu, in riƙe shi da kyau. A cikin mota ɗana ya ce ya gyara mini ɗaki a gidansa na Maradi, kusa da masallaci, kusa da asibiti. Ya ce ba sai na tare ba, in zo kawai in yi kaka a can, in an gama shan sabon gero in koma. Na ce masa limamin da ke barin gari a lokacin da kowane gida ke jiransa, in ya dawo zai tarar da masallaci, amma ba lalle ya tarar da jama'a ba. Ya ce jama'a ba za su ba ni ido ba. Babu kuskure a maganarsa.

Yanzu da ido guda nake rubuta wannan, ina karkata kai, da manyan baƙaƙe. Tun bayan waccan kaka na riƙe abincin da aka ce, ina zaman benci ranar kasuwa, ina cin wake da ganye, jikina kuma ya lafa. Damina ta yi kyau bana. Gero ya fid da kai ya sunkuya, an fara wasa wuƙaƙen yanka.

Ɗana ya kira ya ce zai turo mota kafin a fara yanka, in shirya littattafan da nake so. Na ce to. Bayan nan taubashina ya shigo zaure da murna, ya ce ɗansa ya aiko da labari yana lafiya, gonar kuma ta yi. Ya ce ya bi gida gida ya ja wa mata kunne, bana babu mai sa wa Liman sukari, zallar gero da nono za a cika mini, kuma gidansa za a fara. Ya tsaya yana jiran in yaba masa. Na buɗe baki in gaya masa cewa geron ma in ya yi yawa abu guda ne, sai na ga yadda ya sha wahalar zagaya garin saboda ni. Shi ma na ce masa to.